Robar da Kika Bari a Cikin Safa

Mayo Gwoi, Jalingo
Daren Laraba

Ummina,

Da fatan kin isa Samaru lafiya, kin kuma samu gado ba tare da kin kwana a layi ba. Mu nan lafiya lau, sai ruwa da ya ƙi ɗaukewa tun shekaranjiya. Babanki na gaishe ki. Hajiya ta ce a gaida kishiyarta, a kuma tambaye ta ko tana ɗora tukunya ko kuwa taliyar leda ce safe da dare. Auta ya gaje gadonki, ya ce in sanar da ke ba zai tashi ba ko kin dawo.

Na san za ki ce me ya yi zafi har da wasiƙa, ga waya a hannun kowa. In na kira ki, "to Umma, to Umma" za ki yi ta jera mini har kati ya ƙare, ko ki ce sabis ne ya ɗauke. Takarda kuwa ba a katse mata magana.

Jiya ina tattara kayan da kika bari don wanki, na ɗaga tsohuwar farar safarki ta sakandare, sai na ji wani abu ƙwas a ciki. Da na zazzage, ga robar haƙoranki ta faɗo kan tabarma, ta sama da ta ƙasa, an cusa ɗaya cikin ɗaya. Na daɗe zaune a bakin gado ina juya su a hannu. Ranar da za ki tafi, kina banɗaki na buɗe jakarki (ki yafe mini, aikin uwa ne), na ga shuɗin akwatin nan a aljihun gefe, har na ce alhamdulillahi, yarinya ta yi hankali. Ashe fanko na gani. Mai mantuwa akwatin take mantawa da abin da ke cikinsa gaba ɗaya. Wadda ta ɗauki akwati ta bar roba a safa, ta san uwarta za ta leƙa jaka. Na yi dariya, ba zan ɓoye miki ba, don wayon ya burge ni. Daga baya na lissafa kwanaki, na ga yau kwana tara ke nan, sai dariyar ta tsaya.

Ban gaya wa babanki ba. Kin san shi, ba faɗa zai yi ba, shiru zai yi, kuma shirun nan nasa ya fi bulala. Ba kuma zan zauna ina yi miki gorin bijiman da ya kai kasuwar Iware ba. Shi ya ga ya dace, ya sayar, kuma bai taɓa tada maganar ba ko sau ɗaya. Amma hanya kam zan tuna miki, don tare muka ci ƙurarta. Sau 13 na ƙirga. Mu tashi kafin kiran assalatu, Keke ya kai mu tasha, mu kama hanyar Numan, mu haye gadar Binuwai gari na fara zafi, Kaltungo, Gombe, Birnin Kudu, Wudil, mu shiga Kano an yi isha'i, ƙafata ta kumbura kamar an hura. Washegari likita ya duba ki na minti ashirin, ya canja wayar haƙoranki, ya ce sai bayan wata biyu. A hanyar dawowa ba kya iya tauna komai, sai kunun gyaɗar da Gwaggonki ta zuba miki a gora, kina kurɓa kina jingina kai a kafaɗata. Shekara biyu da wata biyu ba ki gatsi rake ba, ba ki taɓa gasasshiyar masara ba, kilishi sai dai ki ji ƙamshinsa a hannun Auta, shi kuma ɗan banzan sai ya zo gabanki yake ci.

Ranar da aka cire wayar kin tuna abin da kika yi? Kika riƙa shafa haƙoranki da harshe kina cewa sun yi santsi kamar ba naki ba. A cikin mota duk madubin da kika samu sai kin leƙa. Ke da kika shekara biyar kina dariya da hannu a baki, ranar har wata tsohuwa da ke kusa da mu ta tambaye ni ko amarya ce. Ni ma a raina na ɗauka an gama. A nan na yi kuskure, kuma ina jin a wurina kika ɗauki kuskuren, don ni na fara cewa "to, an huta." Likita ya faɗa, ya nanata, cewa cire waya rabin aiki ne, amma murna ta toshe mana kunne mu duka biyu.

Bari malamar bayoloji ta yi miki darasi ɗaya, tunda a aji ba ki taɓa yarda kin zauna a gabana ba.

Kin san wurin nan a bakin Mayo Gwoi inda rafin ya karya kwana, inda nake hana ku zuwa da damina. Kowace shekara ruwa na cin gaɓar waje, yana zaftare ƙasa, a ɗaya gefen kuma yana jibge yashi. A haka rafi ke matsawa, kaɗan-kaɗan, har mutum ya wayi gari mangwaron da ke nesa da ruwa ya koma bakin gaɓa. To tafiyar haƙori cikin ƙashi ke nan. Haƙori ba a kafe yake kamar ƙusa a katako ba. A rataye yake cikin raminsa da wasu siraran zaruruwa da suka haɗa saiwarsa da ƙashin muƙamuƙi, a wani ɗan tsukin da faɗinsa bai kai rabin milimita ba. In waya ta matsa masa, ƙashin da ke gabansa ya riƙa zaizayewa, a bayansa kuma sabo ya riƙa taruwa. Shi ya sa aikin ba ya sauri, abin da haƙori ke tafiya a wata bai fi milimita guda ba. Yanzu ki duba sabon yashin da ruwa ya ajiye bana. Ido na ganin tudu, amma wane mai hankali ne zai kafa tubali a kai kafin ya kwanta? Ƙashin da ke riƙe da haƙoranki a sabon mazauninsu haka yake, ɗanye ne.

Ga kuma su zaruruwan. Waɗanda ke kewaye da saiwa sukan ɗauki wata uku zuwa huɗu kafin su saba da sabon wuri. Na cikin dasashi, waɗanda suka riƙe wuyan haƙori, sun fi taurin kai, suna iya kai shekara suna ja kamar robar danƙo da aka miƙe. Wani likita ɗan ƙasar Norwe, Kaare Reitan, ya gwada abin a bakin karnuka, ya wallafa a 1959: ya murɗa haƙoransu, ya riƙe su, bayan kwana 232 ya tarar zaruruwan dasashin nan har yanzu a miƙe suke, ba su haƙura ba. Da na karanta wa Auta, cewa ya yi ashe har kare an sa wa linzami. Ke kuwa wata biyar ke nan da cire miki waya, ko kwanakin karnukan ba ki cika ba. Fiƙarki ta hagu, wadda ta fito can saman dasashi a karkace aka jawo ta ƙasa aka juya ta, ita ce za ta fara neman hanyar gida, don haƙorin da aka murɗa ya fi kowane saurin komawa. Sai kuma gurbin haƙora biyun da aka cire, wanda aka sha wahala kafin ya rufe.

Za ki ce to in shekara ta cika fa? Ni ma na yi wannan tambayar, amsar ba ta yi mini daɗi ba. A Jami'ar Washinton da ke birnin Siyatil a Amurka, wani likita Robert Little da abokan aikinsa sun bi sawun mutanen da aka gyara wa haƙora suka daina sa abin riƙewa. A rahotonsu na 1981, bayan aƙalla shekara 10, kusan kashi 30 cikin 100 ne kawai haƙoransu na gaba na ƙasa ke nan a jere yadda ake so. A na 1988, bayan shekara 20, saura kashi 10. Abin da ya fi ɗaure kai, sun duba ta ko'ina ba su samu alamar da za a kalla tun farko a ce wannan nasa za su koma, wancan nasa za su tsaya ba. Shi ya sa likitoci yanzu ba sa yanka wa mutum ranar sallama. Wata uku na farko dare da rana, kamar yadda naki ya ce kuma kika yi, daga nan kowane dare, in an daɗe ya ga hali ya rage miki zuwa wasu darare a mako. Amma dainawa ɗungurungum, babu ita a lissafi muddin kina son su zauna yadda suke.

Kada ki ga kamar wani hukunci aka yanke miki ke kaɗai. Haƙori ba ya daina motsi har tsufa, ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba. In kin dawo ki ɗauko hoton bikina da ke cikin kwabar Hajiya ki duba bakina, sannan ki dube ni yanzu. Haƙorana na ƙasa biyu sun hau juna, ba wanda ya sa mini waya, shekaru ne kawai. Bambancinmu, ke kina da abin da zai riƙe naki, ni ban samu ba.

Mutanenmu na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, sai dai duk wanda ya taɓa yin aikin ya san ba a nan ake tsayawa ba. Kakanki na wajena, Allah ya jiƙansa, in zai gyara sandar kiwo sai ya gasa ta sama-sama a wuta, ya miƙe ta a gwiwa, sannan ya ɗaure ta tamau a jikin turken rumfa, ya hana kowa kwancewa sai ta bushe. Na taɓa kwance wata ina ƙarama don in yi wasa da ita. Da safe ta koma kamar baka, ni kuma na sha abin da na sha.

Tunda na fara tona asirin kaina, bari in ƙarasa. Robarki ta sama ta farko, wadda muka ce miki zafin gari ne ya lanƙwasa ta, ba zafin gari ba ne, ni ce. Na gan ta ta yi dishi-dishi, na ce wannan abu da ke kwana a bakin 'yata ai sai an kashe ƙwayoyin cuta. Na sauke ruwan shayi yana tafasa, na zuba a kofi, na jefa ta. A kan idona ta motsa kamar mai rai, gefenta ya naɗe kamar ganyen da aka ɗora a garwashi. Na tsamo ta da cokali, na sa a ruwan randa ina salati, ina fatan za ta koma. Ina! Ni da nake koya wa yara abin da zafi ke yi wa abubuwa. Irin wannan robar da zafi ake sarrafa ta tun asali: a ɗumama falle guda, a tsotse iska ya manne a jikin gunkin haƙoranki, shi ke nan ya ɗauki siffa. Wani likitan Amurka, John Sheridan, shi ya yayata ta a 1993 da sunan Essix. Abin da zafi ya gina, zafi ne ke rushe shi. Kafin mu koma Kano a sake aunawa an yi kwana 12, kuma kin tuna yadda sabuwar ta matse ki har kika yi hawaye a daren farko. Laifina ne, ki yafe mini. Na faɗa miki ne don sanyin Zariya na tafe, kuma na san kowane ɗaki akwai mai hita a bokiti. Ruwan sanyi kawai, Ummi. Kar ki bar ta a taga inda rana ke bugawa, kar ki ajiye kusa da risho.

Sauran kin sani, amma zan maimaita. Buroshi daban mai laushi, da ɗigon sabulun ruwa, ki ɗauraye sosai. Ban da man goge baki, yana kankare ta, datti ya samu wurin maƙalewa. Ban da asuwaki, wannan na haƙoranki ne. Ki goge baki kafin ki sa, kuma in tana baki ruwa zalla ne kawai zai wuce. In kika sha lemo ko zoɓo da ita, zaƙin shiga yake ya kwanta tsakaninta da haƙori, inda miyau ba ya kaiwa ya wanke, ya kwana yana ci. Zoɓo kuma zai rina miki ita, ki yi murmushi kamar mai cin goro. In kin cire, akwati. Ba tishu ba, ba gefen hijabi ba, ba ƙarƙashin filo ba. A ɗakin jira a Kano wata mata ta ba ni labarin ɗanta da ya naɗe tasa a tishu a wajen walima, masu kwashe kwanuka suka haɗa da ƙasusuwan kaji. Ɓera ma na son ta, saboda ƙanshin baki.

Duk wannan ba shi ne ya hana ni barci jiya ba. Abin da nake ta juyawa shi ne me ya sa. Na san ki, ba ragguwa ba ce. Yarinyar da ta jure wa waya tana yanka mata kumatu ba ta taɓa cewa a fasa ba, ba 'yar roba ce za ta gagare ta ba. Ina jin kunya ce. Ɗaki ɗaya da 'yan mata baƙi, kowa na kallon kowa. Ki sa abu a baki harshenki ya riƙa sulɓewa, "sannu" ta koma wani abu daban. Da asuba ki zaro shi da zaren miyau a gaban mutane. Wataƙila a zangon da ya wuce wata ta yi miki dariya, ko ta ce haƙoran roba gare ki kamar tsohuwa, kika haɗiye ba ki gaya mini ba. In haka ne, ban raina abin ba. Na yi makarantar kwana, na san yadda kalma ɗaya ke bin mutum shekara uku.

Amma ki tuna da Hajiya. Ita ce ta fi kowa tada ƙura da farko. Ta ce ta yaya za a cire wa yarinya lafiyayyun haƙora har biyu, ta ce wannan canja halittar Allah ne. Sai da babanki ya je ya tambayi malami, aka ce masa gyaran abin da ke cutarwa magani ne, ba ɗaya yake da ƙawa ba, ga shi leɓenki ba ya rufuwa, kina kwana baki buɗe, dasashi na jini. Na so in ce mata, Hajiya, wannan haƙorin Makka da ke walƙiya a bakinki fa, da shi aka haife ki? Ban faɗa ba, suruka ce. Kuma a zamaninsu har zuwa ake a fere wa budurwa haƙori don a samu wushirya, abin da malamai suka daɗe suna hanawa, alhali a ƙasar Turawa kuɗi ake biya a rufe ta. Taɓa haƙori dai ba yau aka fara ba. To wannan Hajiyar, ranar da kika dawo ba waya, ita ce ta riƙe haɓarki ta juya ki wajen haske, ta daɗe tana kallo, ta ce kishiya ta ƙwace mata miji. Yanzu duk baƙuwar da ta shigo sai ta nuna mata hotonki a waya. In Hajiya ta sauko, 'yan ɗakinku ba za su gagara ba. Mako guda za su yi suna kallo, a na biyu wata za ta matso ta tambaye ki a ina aka yi miki, nawa aka kashe. Ki sa bayan an kashe fitila in kin ga dama, ki juya bango ki cire da asuba. Nauyin harshen kuma kwana kaɗan ne, kin riga kin sani, in kika jera darare zai tafi.

Can baya ni ce mai tashinki, ni ce mai tambaya kin sa ko ba ki sa ba, har kina cewa na fi likitan naci. Waya a manne take, ko kina so ko ba kya so tana aikinta. Wannan kuwa an yi ta ne a cire, kuma hannun da zai mayar naki ne. Daga Mayo Gwoi ba na hango bakinki.

Ga abin da za ki yi in saƙo ya iso. Ki wanke su, ki goge baki, ki sa da yatsu a hankali, ki danna har su zauna. Kar ki cije don ki tura ta, tsagewa za ta yi. Za ta matse, kwana tara da na hanya ba wasa ba ne. In ta zauna daram har ƙasa, ko da zafi, ki bar ta dare da rana na 'yan kwanaki ban da lokacin cin abinci, ki kuma kira likitan ki gaya masa gaskiyar kwanakin, kar ki rage. In kuwa ta ƙi shiga, ko ta tsaya a sama ta gefen fiƙar nan, kar ki tilasta, kar ki ɗauko reza ki ce za ki rage mata baki. Ki shiga mota ranar Juma'a ki sauka wajen Gwaggonki, Zariya da Kano ba nisa. Ki tambayi likitan ko irin ta Hawley za ta fi miki, mai faranti a ganɗa da waya guda ta gaba, wadda ya nuna mana ran nan kika yatsine fuska. Tun 1919 ake amfani da ita, ta fi ƙarko, kuma in ta saki ana iya ɗaure ta. Akwai kuma siririyar wayar da ake mannawa ta bayan haƙora, ba mai gani. Ya ce ko da ita sai an haɗa da ta dare, amma ki ji ta bakinsa. In da kuɗi a ciki ki gaya mini ni, akwai adashina na ƙarshen wata, ba sai babanki ya ji ba.

Tunda akwatin na wurinki, na sa su cikin 'yar robar man shafawa da na wanke sau uku, na naɗe da farin ƙyalle, na tura tsakiyar garin kunu don kar a danne. Na ja wa direban da zai kawo miki su kunne kar ya ɗora ledar a gaban mota inda rana ke duka. Gobe da asuba zai tashi, na ba shi lambarki. Akwai yaji, da dambun naman da Hajiya ta sa aka yi wa kishiyarta, da ganyen shayin Mambila ƙunshi biyu, ɗaya naki ɗaya ki ba 'yan ɗaki. Safar kuma na wanke ta, tana nan.

Ruwa ya ƙaru, ina jin ƙugin rafin daga nan, kuma fitilar ta fara ja. Ranar da kaya suka iso ki kira ni bayan isha'i, da robar a bakinki. Kar ki ce mini kin sa. Ki ce "sannu da gida, Umma" kawai, zan gane.

Allah ya tsare mini ke, ya ba da sa'ar karatu.

Ummanki